Maƙalewar Totur ɗin Babur: Yadda Ake Gano Musabbabi da Yadda Ake Gyarawa

Babur ya zama abin hawa kuma abin neman abinci a gidaje da yawa na Hausawa mazauna ƙetare. A Tamale da zangunan Kumasi da shi ake zuwa kasuwa da kai yara makaranta. A Garwa da Marwa da Injamena samarinmu da dama haya suke yi da shi, a Ingila kuwa wasu na raba abinci gida gida a kan ƙananan babura masu inji 125. Daga cikin matsalolin babur akwai waɗanda ake iya lallaɓawa da su har ƙarshen wata, amma maƙalewar totur ba ta cikinsu. Babur ɗin da totur ɗinsa ba ya komawa da kansa idan an sake shi bai kamata a hau shi ba, ko da zuwa bakin layi ne, sai an gyara. Abin farin ciki shi ne mafi yawan lokuta gyaran ba shi da tsada, kuma mai babur zai iya gano inda matsalar take da sukundireba da sifana, in dai ya bi abin daki-daki.

YADDA TOTUR YAKE AIKI

A baburan da aka fi sani, irin su Honda CG125 wanda aka fara ƙerawa a 1975, da Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, totur ya ƙunshi sassa uku ne.

Na farko shi ne hannu. Robar da kake riƙewa da hannun dama an sanya ta ne a kan wani bututu mai tauri, shi kuma bututun yana juyawa a kan ƙarfen kan babur. Bakinsa na ciki yana shiga wani ɗan gida mai ɓari biyu wanda aka ɗaure da kusoshi biyu.

Na biyu shi ne kebul, wato waya ce ta ƙarfe da aka tufka da ƙananan zarurruka, tana zirga-zirga a cikin kubenta. Kowane bakin wayar yana da ɗan dunƙulen ƙarfe, ɗaya yana maƙale a bututun hannu, ɗayan a kafireto.

Na uku shi ne kafireto. A ƙananan babura akwai ɗan fistin a cikinsa mai allura a ƙasa da sifirin a sama. Idan ka murza totur, waya tana jan fistin ɗin sama, iska da fetur su ƙaru, inji ya ɗauki wuta. A manyan babura, da waɗanda ke amfani da injekta maimakon kafireto, wani ɗan faifan ƙarfe ne yake buɗewa da rufewa a maƙogwaron injin, shi ma da sifirin ɗinsa.

Abin lura a nan shi ne, hannunka buɗe totur kawai yake yi. Rufewa aikin sifirin ne, kuma sifirin ɗin ba wani mai ƙarfi ba ne, domin da ya yi ƙarfi da hannu ya gaji a doguwar tafiya. Saboda haka ɗan tsatsa ko ƙura ko lanƙwasa a ko'ina cikin sassan nan uku ya isa ya rinjaye shi. Wannan ne ya sa manyan babura da yawa suke da kebul biyu, ɗaya na buɗewa ɗaya na rufewa, don in sifirin ya gaza mahayi ya mayar da totur da hannunsa. A Amurka ƙa'idar gwamnatin tarayya mai lamba 123 kan na'urorin sarrafa babur ta wajabta cewa totur ya riƙa komawa da kansa da zarar an sake shi, kuma a sanya maɓallin kashe inji a ɓangaren dama.

IDAN YA MAƘALE ANA CIKIN TAFIYA

Wannan shi ne ɓangaren da ya kamata kowane mahayi ya haddace, domin a lokacin babu damar tunani.

1. Ka damƙe kulochi gaba ɗaya. Inji zai yi ruri mai ban tsoro, amma ƙarfinsa ya daina zuwa taya.
2. Ka murɗa totur gaba da ƙarfi, wataƙila ya koma.
3. In bai koma ba, ka danna jan maɓallin kashe inji da babban yatsa. Ƙananan babura da yawa da ake sayarwa a Afirka ba su da wannan maɓalli, to sai a kashe da makulli. Tunda hannun hagu yana kan kulochi, da hannun dama za a kashe, ƙafa tana kan birkin baya.
4. Ka kama birki biyu a hankali, ka gangara gefen hanya. Kada ka saki kulochi sai babur ya tsaya cak kuma inji ya mutu.

Baburan da ba su da hannun kulochi, kamar roba-roba da sukuta, babu hanyar raba inji da taya da hannu. A kansu sai a kama birki biyu sosai, babur yana miƙe, a kashe inji nan take. Yana da kyau mutum ya gwada kai yatsansa kan maɓallin nan sau da yawa babur yana tsaye, har hannu ya saba. Bayan an tsaya kuma kada a ce bari a lallaɓa zuwa gida. A tura shi ko a nemi abin ɗauka.

GWAJI NA FARKO

A kafa babur a kan ƙafarsa, inji a kashe. Ka murza totur har ƙarshe ka sake shi. Lafiyayyen totur yana komawa nan take, har ka ji ɗan ƙas. In ya koma a hankali kamar mai jin barci, ko ya tsaya a rabi, akwai matsala. Ka maimaita sau uku: kan babur yana tsakiya, sannan an juya shi hagu har ƙarshe, sannan dama har ƙarshe. In yana komawa daidai a tsakiya amma yana cijewa idan an juya kai, kusan ko da yaushe laifin hanyar da kebul ya bi ne, ko kuma an ɗaure shi ya yi tsauri.

Sannan ka tayar da inji, giya tana firi, ka bar shi a sulo, ka juya kan babur hagu da dama ba tare da taɓa totur ba. Bai kamata ƙarar inji ta canza ba. In ta tashi, kebul yana jan kansa.

Akwai kuma abin da ke kama da maƙalewa amma ba ita ba ce. In hannu yana komawa da ƙas ɗinsa amma inji ya ci gaba da ruri na ɗan lokaci kafin ya sauka, a duba wuyan robar da ya haɗa kafireto da inji, domin in ya tsage iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. A duba cok ko ya koma, a kuma duba kusar sulo ko wani ya murɗa ta fiye da kima.

A RABA SASSAN, A GWADA KOWANNE

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsiyaya mai a bakin kebul, a ga ya ɗan yi sauƙi, a hau a tafi. Bayan kwana biyu abin ya dawo, wataƙila a tsakiyar mahaɗar hanya. Hanyar da ta dace ita ce a raba hannu da kebul, a raba kebul da kafireto, a motsa kowanne shi kaɗai. Wanda ya cije a cikinsu shi ne mai laifi. Kayan aikin da ake buƙata su ne sukundireba, ƙananan sifanu, filaya, tsumma mai tsabta, kananzir, mai marar kauri, da gwangwanin feshin wanke kafireto. Kafin a kwance komai, a ɗauki hotonsa da waya don a san yadda za a mayar.

HANNU

A fara da abin da ido ke gani. Shin robar hannu ta zame tana gogar gidan maɓallai? Shin ƙarfen da ke toshe bakin kan babur, ko garkuwar hannu da aka ƙara, yana danne robar? Ya kamata a sami ɗan rata a kowane gefe. Wannan matsala tana yawan biyo bayan faɗuwar babur ta ɓangaren dama, ko da a tsaye ya faɗi, da kuma bayan an canza roba an cika gam har ya malala ƙarƙashin bututu. A ƙasashe masu sanyi, masu sanya hannuwa masu ɗumama tafi su lura da wayar lantarkinsu, kada ta riƙe totur idan an murza.

Daga nan a kwance kusoshi biyu na gidan, a buɗe shi, a zare dunƙulen waya daga bututu. Yanzu a juya bututun shi kaɗai. Ya kamata ya juya sakayau. In yana ƙara kamar akwai yashi, a zare shi, a goge ƙarfen da cikin bututun da tsumma da kananzir. In akwai tsatsa a kankare ta da takardar yashi mai laushi. Bututun da ya tsage a canza shi, ƙarfen da ya lanƙwashe a daidai wurin ma haka. Wajen mayarwa a shafa mai kaɗan ƙwarai. Giris mai kauri yana kama ƙura, kuma a lokacin hunturu a Marwa ko Injamena cikin makonni kaɗan sai ya zama taɓo. A yawancin babura gidan yana da ɗan haƙori da ke shiga rami a jikin ƙarfe. A tabbata ya shiga kafin a ɗaure, a kuma ɗaure kusoshin bi da bi, domin in gidan ya karkace zai matse bututu.

KEBUL

A nan ne aka fi samun matsalar. A bi kebul da ido da hannu tun daga kai har kafireto. A nemi inda ya karye ko ya lanƙwashe da yawa, inda tanki ya danne shi, inda aka ɗaure shi tamau da igiyar roba, da inda ya taɓa kan inji kubensa ya narke. Kube in ya fashe ruwa da ƙasa suna shiga. Waɗanda suka canza kan babur zuwa mai tsawo, ko suka ɗaura gilashin tare iska ko mariƙin wayar salula, su lura ko kebul ya yi gajarta ko an tare masa hanya.

Bayan an cire bakinsa biyu, a ja wayar gaba da baya da yatsu biyu. In tana tafiya sumul, kebul lafiya lau. In ana jin ƙaiƙayi ko tana kamawa a wuri ɗaya, a duba bakunanta da kyau. Ko zare ɗaya aka ga ya tsinke ya miƙe, wannan kebul ya gama aiki, mai ba zai yi masa magani ba. Tsinkakken zaren nan shi ne yake sarƙewa a cikin kube ya riƙe totur a buɗe, kuma ba ya ba da sanarwa. Kuɗin sabon kebul bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba.

In bushewa ce kawai, a rataye kebul a tsaye, a huda kusurwar ƙaramar leda, a zura bakin kuben a ciki a ɗaure da roba, a zuba ɗan mai marar kauri a ledar, a riƙa jan wayar sama da ƙasa har mai ya ɓullo ta ƙasa da tsabtarsa. A guji baƙin man da aka juye daga inji, domin cike yake da garin ƙarfe. A guji man gyaɗa da manja, domin suna daskarewa su yi danƙo. Wasu kebulan zamani an shimfiɗa musu roba mai santsi a ciki, irin waɗannan ba sa son mai na yau da kullum, sai a bi abin da littafin babur ya ce.

Wajen sayen sabo a tafi da tsohon, a gwada tsawon kube da kuma tsawon wayar da ta fito waje, domin kebula biyu suna iya kama da juna amma su bambanta a nan. Wajen sanyawa a bi hanyar da kamfani ya bi tun asali, ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba.

KAFIRETO

A bari inji ya huce, a rufe famfon mai, a yi aikin a fili nesa da wuta da taba. Wannan gargaɗi ya fi shafar masu ajiye babur a zaure ko tsakar gida kusa da murhu.

A kafireto mai fistin, a murɗe murfin sama, fistin da allura da sifirin za su biyo kebul su fito. A duba jikin fistin. In ya yi danƙo launin ƙasa, tsohon fetur ne ya bushe a kai, abin da ke faruwa ga babur ɗin da aka ajiye watanni, kamar na wanda ya tafi ganin gida ko wanda ya jingine shi duk lokacin sanyi. Fetur ɗin da aka gauraya da sinadarin itanol, wanda ya zama na yau da kullum a Biritaniya kuma ya daɗe a Amurka, yana jan danshi, saboda haka ba ya son dogon ajiya. In kuwa an ga zane-zane a tsaye a jikin fistin, ƙasa ce ta shiga, wato matatar iska ta yage ko an cire ta. In ba a gyara matatar ba, matsalar za ta dawo.

A wanke fistin da ramin da yake shiga da feshin wanke kafireto, a goge da tsumma marar gashi. Ba a shafa wa fistin mai ko giris, a bushe yake aiki. Kada kuma a goge shi da takardar yashi har ya rame, domin iska za ta riƙa wucewa ta gefensa. A duba allura ko ta lanƙwashe, a duba sifirin ko ya karye ko ya yi tsatsa. Miƙe tsohon sifirin da hannu ba gyara ba ne, a sa sabo. In fistin mai tsabta ne amma har yanzu yana cijewa, mai yiwuwa an ɗaure notocin da suka haɗa kafireto da inji fiye da kima har jikinsa ya murɗe.

Wajen mayarwa akwai wurin da mutane da yawa suke kuskure. Fistin yana da dogon tsagi a gefe ɗaya wanda dole ya dace da wani ɗan haƙori a cikin ramin, gefensa mai yankakken baki kuma yana fuskantar matatar iska. In aka sa shi a juye zai tsaya a sama, kuma da an tayar da inji zai ɗauki wuta gaba ɗaya. Don haka kafin a tayar, a murza totur a saki, a saurari ƙarar saukar fistin har ƙasa. Murfin ma a ɗaure shi da hannu a hankali kada ya hau a karkace.

A kafireto mai faifai, a juya ƙafar da kebul ke naɗewa a kai da yatsa, a ga ko tana komawa da kanta. Irin wannan yana da tantanin roba a sama, kuma feshin wanki yana lalata shi, sai a kiyaye. A babur mai injekta ana iya goge baƙin da ya taru a gefen faifai, amma kada a taɓa kusoshin na'urar da ke auna buɗewar totur. Tun daga Yamaha YZF-R6 na 2006 kuma an sami babura waɗanda kwamfuta ce ke buɗe faifan da ƙaramin injin lantarki. A kan irin waɗannan abin da mai babur zai iya dubawa shi ne hannu kawai, sauran sai garejin da ke da na'urar bincike.

SANYI DA DAMINA

'Yan'uwa da ke Ingila da arewacin Amurka su san cewa ruwan da ya shiga kube yana zama ƙanƙara cikin dare, totur ya ƙi motsi da safe ko ya buɗe ya ƙi rufewa. Haka kuma a ranakun sanyi masu danshi ƙanƙara tana iya taruwa a cikin kafireto ko da sanyin waje bai kai na daskarar ruwa ba, domin fetur yana sanyaya maƙogwaron idan yana zama tururi. Alamarta ita ce matsalar tana ɓacewa bayan an tsaya na 'yan mintuna zafin inji ya narkar da ita. A Kumasi da Duwala kuwa damina ce take kawo tsatsa. Maganin shigar ruwa cikin kube da na tsatsa ɗaya ne: a rufe babur, kada a harba ruwan wanki mai ƙarfi a gidan totur, a kuma canza 'yan robobin da ke rufe bakin kebul in sun yage.

DAIDAITA WASAN TOTUR

Bayan an haɗa komai, dole a bar ɗan wasa, wato ɗan motsin da hannu ke yi kafin ya fara jan waya. Littattafan Honda da yawa suna ba da milimita 2 zuwa 6 a gefen robar hannu, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba. A kusa da hannu akwai dogon noti na daidaitawa da ƙaramin noti mai kulle shi. A sassauta ƙaramin, a juya dogon har wasan ya yi daidai, a sake kullewa. A babur mai kebul biyu a bi jerin da littafinsa ya tsara, kuma kada a bar ɗayansu a miƙe tamau, domin in suna jan juna totur zai yi nauyi. Wasu mahaya suna cire wasan gaba ɗaya wai don babur ya riƙa amsawa da sauri. Wannan shi ke sa inji ya zabura idan an juya kai a lungu.

A ƙarshe a maimaita gwajin nan na farko duka, inji a kashe sannan a kunne, kafin a fita titi.

DOKA DA KULAWAR YAU DA KULLUM

A Ingila da Sukotlan da Wales, babur ɗin da ya shekara uku dole ya yi gwajin MOT kowace shekara, kuma totur yana cikin abubuwan da ake dubawa. A Amurka ana iya shigar da lambar jikin babur mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin hukumar NHTSA a ga ko kamfani ya yi kiranye saboda wani aibi, gyaran kiranye kuwa kyauta ne. Wanda babur ɗinsa sabo ne yana da garanti, ya mayar da shi inda ya saya kafin ya kwance komai.

A sauran wurare inda babu mai duba maka, dubawar ta rage ga mai gida. Murza totur a saki sau biyu kowace safiya kafin a tayar da inji bai kai minti ɗaya ba. Iyaye da suka saya wa yaro babur, da masu ba da babur haya ana kawo musu balas da yamma, su riƙa yin wannan gwaji da hannunsu, domin yaron da ke tsoron rasa aikin yini ba lallai ne ya faɗa ba. In an bi matakan nan duka totur bai koma daidai ba, a kai wa ƙwararren makanike, a kuma tsaya a ga ya gwada shi hagu da dama kafin a biya.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mu da iyalanmu a duk inda muke. Amin.